Sakatar Hawa na Tara

Shekara ashirin da shida na yi ina tsaron ƙyauren hawa na tara a rijiyar zinariyar garinmu, can cikin duwatsun Benguet, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya tak sakatar ƙyauren ta yi ƙarya. Ni na sa ta. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai momar da nake taunawa, irin goronmu mai sa yawu ja, ta yi mini ɗaci, in tofar da ita tun ba ta yi ja ba.

Mu ƙasa muke ƙirga hawa. Na ɗaya shi ne kusa da rana. Na tara kuwa sai keji, akwatin ƙarfen da ke sauka da hawa da mu a kan igiya, ya yi minti uku yana nutsewa da mutum, kunnuwa su toshe su buɗe har sau biyu, kafin a kai. A ƙarƙashinmu akwai na goma, wanda ruwa ya cinye tun ban kama aiki ba. Wuri ne mai abin mamaki ga wanda ya iya kallo. Akwai kyankyasai farare fat. Na taɓa saka ɗaya a kwalba na kai gida, in ga ko rana za ta mai da shi ja kamar 'yan'uwansa na sama. Bai yi ja ba, mutuwa ya yi. Rijiyar kanta ma numfashi take yi, in mutum ya tsaya shiru a bakinta zai ji. Na gaya wa wani injiniya haka, ya ce in kula da ƙyaurena.

To, ƙyauren. Na ƙarfe ne mai sanduna, a kan ɗan dogo yake gudu, gefe ake tura shi. A bayansa babu komai sai baƙin rami da igiyar keji. Sakatarsa ta kai kaurin wuyan hannu, tana faɗawa cikin wani rami a daɓen siminti, in ta faɗa kuma sai wani haƙorin ƙarfe ya cije ta. Ba ta da mabuɗi. Mabuɗinta shi ne kejin kansa: akwai wani ƙarfe kamar gwiwar hannu a jikinsa, in ya tsaya daidai da bakin hawa sai gwiwar ta ture haƙorin, sannan ne hannu zai iya ɗaga sakata. A ƙasan ramin kuma akwai ɗan harshe na tagulla. Muddin sakata ba ta danne shi ba, jar fitila na ci a gaban Wakit, direban injin da ke jan keji daga sama, birki kuma ba zai saki igiya ba ko da manaja ne ya ba da umarni. Ƙyaure ba ya buɗuwa sai keji yana nan, keji ba ya tashi sai ƙyaure ya rufu. Kowa ya riƙe wuyan kowa.

Ni da na tsaya a aji uku ban san sunan sakatar nan na takarda ba. Tsohuwa nake ce mata, don ba ta buɗe baki sai mijinta ya dawo. Kullum da safe nakan sa yatsa in kwashe lakar da ta taru a raminta, in shafa mata mai. 'Yan aiki suna yi mini ba'a, wai Tumpao ya ƙi aure ne don kada Tsohuwa ta yi yaji. Ban taɓa musu ba.

Da ƙararrawa muke magana da Wakit. In taragun dutse aka loda, bugu ɗaya nake yi, ya fizgi keji da gudu. In mutane ne a ciki, uku a jere sannan ɗaya, sai ya ja a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Doka ce mai ƙarfi: ba a buga ta mutane sai da mutum a ciki.

Ƙanena Baniwas, uwa ɗaya uba ɗaya, a hawana yake aiki. Wata Talata cikin damina dutse ya ɓanɓaro daga rufi ya same shi a can ƙurya. Ni na rufe ƙyaure a kan gawarsa, ni na buga uku da ɗaya. Muka yanka aladun da ya kamata, muka yi zaman da ya kamata. Akwatinsa da hannuna na fere, da itacen saleng mai ƙamshin ƙaro.

Kwana tara da binne shi, matarsa Dulimay ta daina cin abinci. Ta ce duk sa'ad da ta rufe ido ganinsa take yi tsaye a bayan mutane a hawa na tara, hular kwano a hannu. Keji ya zo, a cika shi, kafin ya matso sakata ta faɗa. Kowa a garinmu ya san wanda ya yi mutuwar farat ɗaya, gangar jikinsa kawai ake ɗaukowa, kurwarsa tana nan inda ya faɗi har sai an buɗe mata hanya. Aka kira Apo Sagid, tsohon da ke yi mana yanka. Ya yanka kaza, ya daɗe yana duban maɗaciyarta, ya ce matacce ba ya iya turereniya, a bar masa ƙofa a buɗe kwana uku ya fita a lokacin da ya ga dama.

Apo Sagid manomi ne, bai taɓa shiga rijiya ba. A ganinsa ƙofa ce irin ta ɗaki, wadda in an bari a buɗe iyakarta kare ya shiga. Ni na san ba haka ba ne. Ina zaune a wurin, ƙoƙon giyar shinkafa a hannuna, ban ce uffan ba. Wannan shirun shi ne farkon abin da nake jin haushin kaina a kai.

Da mutane suka watse Dulimay ta dube ni. Idonta ya faɗa, wuyanta ya zama kamar na kaza.

"Manong," ta ce, kamar yadda muke kiran babban wa, "kai ne mai ƙofar."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

A cikin guntayen da suka rage daga akwatin na ɗauki ɗaya, na fere shi daidai ramin sakata. Washegari tun kafin 'yan aiki su sauko na cusa shi ciki. Katakon ya danne harshen tagulla, fitilar Wakit ta nuna kore. Sakata kuwa ta zauna a kan katako, ba ta sauka inda haƙori zai cije ta ba. Na tura ƙyauren da ɗan yatsa, ya tafi suuu, babu keji, babu komai, sai iskar rijiya a fuskata. Shekara ashirin da shida ban taɓa ganin ramin nan ba tare da sanduna a tsakaninmu ba. Na ce wa Tsohuwa ta yi haƙuri, kwana uku ne.

A lokacin, aikin safe kaɗai ake yi a hawa na tara, don haka na ce ai ni zan zama sakata. Na tsaya a jikin ƙyauren kwana uku, ko fitsari sai keji yana tsaye nake zuwa. Nakan bar ɗan tazarar taki ɗaya a buɗe, in riƙa satar kallon wurin, ko zan ga ƙura ta motsa. Ban ga komai ba.

Abin da ban lura da shi ba, akwai wanda ya ga nasa abin. Kayat, helumanmu, ɗan ƙanwar mahaifiyarmu ne, tare muka yi kiwon ɓauna. Mutum ne da ran Lahadi yana sahun gaba a coci, ran yanka kuma yana sahun gaba a gindin tukunya. Da Tsohuwa tana aiki, dole Wakit ya saita keji daidai, in ya wuce da yatsa biyu sai ya dawo, in ya gaza sai ya ƙara. Sannan a ɗaga, a tura, a loda, a rufe, a jira ta faɗa, in laka ta shiga ramin a kwashe. Da katako a ciki duk wannan ya tafi. Kejin bai gama tsayawa ba an turo tarago. A kwana ukun nan dutsen da ya fita daga hawanmu ya fi na kowane hawa, har aka kira Kayat ofis aka dafa masa kafaɗa.

Rana ta uku da aka tashi, mutane sun taru suna jiran keji, na zaro awartaki na durƙusa gaban ramin. Sai ga takalmin Kayat a gefen hannuna.

"Manong, me za ka yi?"

Na ce kwana uku sun cika.

"Ka ga wucewarsa?"

Na dubi awartakin da ke hannuna. Ya ci gaba:

"Ni dai jiya matata ta leƙa Dulimay, ta ce ko ruwan shinkafa ba ya wuce mata. Amma in kai ka ga ya fita, rufe abinka. Ƙanenka ne, ba nawa ba."

Da ƙarfi ya yi maganar, don mutum arba'in su ji. Suka ji kuwa. Wani ya ce gaskiya kwana uku sun yi kaɗan ga mai nisa irin na hawa na tara. Wani ya ce kakansa sai da ya yi wata guda. Su ma sun ɗanɗana: tun da katako ya shiga suna riga 'yan hawa na bakwai isa wurin wanka, su sami ruwan zafi. Kuma gaskiya ne Dulimay ba ta ci ba. Na mai da awartaki aljihu.

Daga nan kwana uku suka zama bakwai, bakwai suka zama sha biyar. Duk ranar da na taɓa aljihuna sai Kayat ya ce, cikin murmushi, ai Baniwas tun yana da rai ba ya sauri, yanzu da ba shi da heluma a kansa me zai sa shi gaggawa. Mutane su yi dariya. Har suna suka sa wa wurin, ƙofar Baniwas. Samari suka fara tura ƙyaure tun suna jin kukan igiya, su faɗa keji yana motsi. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na kawo igiya na ɗaure ƙyauren, Kayat ya sa wuƙa ya yanke, ya tambaye ni ko ƙarfen da na tare ƙanena da shi bai ishe ni ba sai na haɗa da igiya.

Mai karatu zai ce me ya hana ka zuwa ofis. In je in ce me? Ni na fere katakon. Kuma duk garin zai ji cewa Tumpao ya kai ƙarar ƙanensa matacce wurin kamfani. Injiniyan da ke zagayen duba ƙyamare ma ya zo ana cikin haka. Cikin keji ya sauko, kejin yana tsaye ya ɗaga sakata ya sauke, ya tura ƙyaure ya dawo da shi. To, in keji yana nan ai ko lafiyayyar sakata buɗuwa take yi. Kayat yana ta ba shi labarin wani zakaran faɗa. Ya sa hannu a takarda ya hau. Ina tsaye, katakon yana tsakanin ƙafafuna, ina addu'ar ya sunkuya, ina kuma addu'ar kada ya sunkuya.

Abinci ya fara gagarata ni ma. Ba mutuwar Baniwas ce ke cina ba a lokacin, wannan na karɓa, dutse ba ya zaɓe. Abin da ke cina shi ne yadda aka ɗauki sunansa aka yi tsumman goge ƙafa da shi. Yana da rai Kayat ya sha zaginsa a kan jinkiri. Ya mutu kuma jinkirin nasa ya zama abin so.

Akwai wani tsoho a cikinmu, Palangdan, mai kafa turakun da ke tallafe rufi. Nakiya ta kashe masa kunne ɗaya tuntuni, ɗayan ma sai an yi ihu. Shekara ashirin yana da ɗabi'a guda: in an tashi sai ya zo ya jingina kafaɗa da ƙyaurena, ya haɗa momarsa, ya riƙa tsirtar da jan yawu ta tsakanin sanduna, wai yana yi wa hawa na goma fenti. Na gaya masa ƙyauren ba ya kulluwa, na nuna masa da hannu, ya gyaɗa kai. Amma jiki ba ya jin magana. Abin da kafaɗa ta saba shekara ashirin ba ta mantawa don an yi wa kunne ihu.

Rana ta ashirin da uku, an tashi, wani tarago ya goce daga kan dogo taku biyar daga ƙyaure, aka kira ni in sa kafaɗa. Na juya baya ke nan na ji ƙarar da na sani, suuu. Ban san yadda na isa ba. Na dai tsinci kaina a kwance rub-da-ciki a daɓe, hannuna biyu cikin ɗamarar Palangdan, rabinsa yana wannan duniya, rabinsa yana lilo a rami. Hularsa ta fita. Na ga fitilar goshinta ta juya sau biyu ta mutu. Muka yi ta jira. Sai can, kamar daga wani gari, muka ji ruwa ya ce ɓulum.

Mutum huɗu suka jawo mu. Palangdan ya zauna a ƙasa, moma na zuba daga bakinsa kamar jini, yana ta shafa kansa yana neman hula. Na ɗauka shi ke nan, ko Kayat ma yau bakinsa ya mutu.

Sai Kayat ya matso, ya leƙa ramin, ya girgiza kai. Ya ce, a hankali, kamar mai jin tsoro, wannan ba faɗuwa ba ce, jawowa ce. Baniwas ne, yana fushi tun ranar da aka ɗaure masa ƙofa da igiya. Ya ce gobe a kawo kaza, a kuma bar ƙyauren gaba ɗaya a wangale.

Na ga wasu suna gyaɗa kai.

Akwai sandar ƙarfen da muke ɗaga tarago da ita a kusa da ƙafata. Na ɗauke ta. Kayat ya ja da baya, kuma ya yi daidai da ya ja, don ni kaina ban san inda za ta sauka ba. A daidai lokacin keji ya iso. Mutane suka yunƙuro kamar kullum, na gitta sandar a bakin ƙofa na ce ba mai shiga. Na kama hannun Palangdan na ɗora a kanta, na yi masa ihu a kunne cewa duk wanda ya matso ya fasa masa gwiwa. Ya riƙe.

Na ce da su, tunda sun ce Baniwas bai fita ba, yau zan fito da shi.

Taku ɗari uku ne daga ƙyaure zuwa inda dutsen ya faɗo. Na tafi ni kaɗai, ruwa yana ɗiga mini a wuya. An kafa sababbin turaku a wurin, har wani ya rataye tsohuwar safa a kan ɗaya. Ban san kalmomin da Apo Sagid yake kiran kurwa da su ba, kuma ko na sani ba na cikin halin lallashi. Na kira shi yadda na saba kiransa.

"Ading, ƙanena. Kai, Baniwas. Tashi haka nan. Ba ka jin kunya? Mutum arba'in suna tsaye cikin ruwa saboda kai. Tun muna yara kai ne na ƙarshe, na ƙarshe a rafi, na ƙarshe a gona, ranar aurenka ma sai da na je na tuso ƙeyarka. Matarka ta zama tsinke. Palangdan ya kusa bin ka yau, an kuma ce kai ka ja shi. Kana ji ana yi maka ƙarya kana kwance? Ɗauki hularka. Ni ne mai ƙofa, na ce keji yana jira, kuma daga yau ba zan sake ajiye maka shi ba."

Rami yana kai magana nesa. Ashe duk sun ji. Da na dawo, ina tafe a gefen dogo na bar wa Baniwas ɗaya gefen, sai na ga sun dare biyu, hanyar da suka buɗe ta fi ta mutum ɗaya. Waɗanda suka fi kowa dariyar ƙofar Baniwas su suka fara cire hula. Wannan ma ya ba ni haushi.

Na karɓi sandar daga hannun Palangdan. Na tsaya a gefen ƙofa gwargwadon yadda mai jan ƙafa zai shige, na ƙara kaɗan don na san halinsa. Na ce wa Baniwas ya matsa ciki. Na ja ƙyaure na rufe.

Sannan na durƙusa da awartaki. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya ƙi fitowa. Na ja, awartaki ya zame, na fasa yatsa. Na sake kamawa, ina zaginsa, ina zagin hannun da ya fere shi, har ya taho da wani ɗan kuka. Na sa yatsa na kwashe lakar kwana ashirin da uku. Na saki sakata. Ta faɗa, ƙwal, har cikin haƙorana na ji.

Na kama igiyar ƙararrawa na buga uku a jere, sannan ɗaya.

"Ka haukace?" in ji Kayat. "Ta mutane ka buga wa keji babu kowa? Ka san abin da doka ta ce."

Na juyo na dube shi.

"In babu kowa a ciki, ƙofar wa muka buɗe kwana ashirin da uku?"

Ya dubi mutane, mutane suka dubi ƙasa. Kejin ya tashi a hankali, haƙori ya cije sakata. Na kama ƙyauren da hannu biyu na jijjiga shi da dukan ƙarfina, don kowa ya gani. Ko motsi.

Ni ne na ƙarshe da ya hau ran nan, kamar yadda mai ƙofa yake yi. A sama gajimare ya sauko kan duwatsu, masu sayar da dafaffen dankali sun fara naɗe kaya. Dulimay tana zaune a kan dutsen da ta saba zama tun mijinta yana da rai, ba ta fasa zuwa ba duk da ƙafafunta da ƙyar suke ɗaukarta. An gaya mini ta ga kejin ya iso a hankali, mai ƙofar sama ya buɗe ya ga wayam, ya tsaya yana leƙe, ita kuwa ta miƙe tsaye. Kafin in fito labarin ya riga ni.

Ta tare ni, ba gaisuwa.

"Manong, ya shiga?"

Ni mai ganin abubuwa ne, kowa ya sani, da na ce na ga inuwa ko na ji iska da ta yarda. Amma na riga na sa ƙarfe ya yi ƙarya sau ɗaya saboda ita, bakina ya ƙi yin ta biyu. Ina tsaye ina juya hula, sai ga Wakit ya fito daga ɗakin inji yana goge hannu da tsumma. Mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba. Bai dube ta ba, ni ya yi wa faɗa.

"Kai, Tumpao, don mutum ɗaya ka tsayar mini da inji rabin awa? Gobe in za ka aiko mutum ɗaya ka haɗa shi da wasu. Na ji shi a igiya tun daga tara."

Kejin nan ya fi ɓauna shida nauyi. Ko mutum biyar aka saka, hannun Wakit ba zai bambance ba, ya sani, na sani. Ya tofar da moma ya koma ciki.

Dulimay ta juya ta kama hanyar gida, tana tafe a gefen hanya. Maƙwabciyarta ta ce da ta isa ta wangale ƙofa, ta ɗora tukunya, ta zuba kwano biyu, ta cinye nata.

Kayat ba shi da bakin kai ƙarar katako, sai ya kai ƙarar ƙararrawa. Da aka kira ni ofis na faɗi duka, tun daga kazar Apo Sagid har hular Palangdan. Injiniyan da ya sa hannu a takarda ran nan shi ya fi kowa ɗaga murya. Aka cire ni daga ƙyaure, aka mai da ni ɗakin fitilu a sama, ina goge gilashi har na bar aiki. Kayat aka yi masa faɗa a tsaye, bayan shekara biyu aka ba shi shugabancin hawa har uku. A kan kowane ramin sakata, daga na ɗaya har na tara, aka liƙa wani murfin ƙarfe yadda ba abin da zai shiga sai sakatar. 'Yan aiki suna kiransa hular Tumpao. Wai suna ganin yabo ne.

Palangdan bai sake jingina da komai ba har ya mutu. Ko a gidansa a tsakiyar ɗaki yake zama. Kayat kuwa yana nan da ransa, ya yi tumbi, duk Lahadi sai ya ɗaga mini hannu a ƙofar coci ya ce Manong, ya ƙarfin jiki. Shekara talatin da ɗaya ke nan ban amsa ba, shi kuma bai fasa ba, don ya san mutane suna kallo.

Katakon ya daɗe a aljihuna. Wata rana na kai wa Dulimay, na gaya mata daga inda aka yanko shi. Ta juya shi a hannu, ta ga shaidar haƙoran awartaki, ta shinshina, ta ce har yanzu yana ƙamshi. Sai ta sunkuya ta tura shi ƙarƙashin tukunya. Saleng ne, nan da nan ya kama.